Baba, Na Gina Tasharka a Gindin Lemo

Zuwa ga mahaifina, Malam Isa Mai Tasha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ka koya mini, da fatan kana cikin ni'ima a makwancinka, na zauna ne in ba ka wani labari mai daɗi. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Amma shekara shida ke nan, duk abin farin cikin da ya same ni kai nake fara neman gaya wa, wannan kuwa ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Baba, na gina tasharka. A Alƙahira na gina ta, tsawonta bai fi kamu ɗaya da rabi ba.

Bayan rasuwarka ne aikin ofishin jakadanci ya kawo surukinka nan, muka kama haya a Madinat Nasr, a hawan ƙasa. Mai gidan wani dattijo ne Bamisire, Kirista, malamin makaranta da ya yi ritaya, muna ce masa Ammu Samir. A ɗan lambun bayan gida ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo da ya zagaye bishiyar lemon tsami. Kullum da la'asar sai ya fito da jirginsa mai aiki da lantarki, kai ɗaya da taragu huɗu, ya zauna da kofin shayi yana kallonsa.

Wata uku ina leƙensa ta taga kafin in yi ta maza in fita. Da guntun Larabcina na ce masa jirgin yana da kyau, sai dai ba shi da wurin tsayawa. Ya ce ya taɓa sayen tashar roba, rana ta lanƙwashe ta. Na ce ni a tasha na tashi, ubana ne shugaban wata ƙaramar tasha a kan hanyar Kano zuwa Nguru. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "To yalla, ki gina mana ta babanki."

Ba ni da hotonta ko ɗaya. Sai na rufe ido na bi ta ɗaki-ɗaki: ofishinka mai taga biyu, 'yar kafar da kake miƙo tikiti, rumfar fasinjoji, benci uku, ƙararrawar da kake hana mu taɓawa.

Ta farko da kwali na yi ta, na yi mata fenti, ina ta ji da kaina. Kwananta biyu a lambu mai gadi ya zo ban ruwa da tiyo, ta zube kamar an jiƙa burodi a shayi. Ya yi ta cewa ma'alish, wato in yi haƙuri, ni kuwa dariya ta hana ni yin fushi, don na tuna abin da kake gaya wa leburorin dogo: "Duk abin da zai kwana a waje, ku yi shi kamar gobe za a yi ruwa."

Sai na sake. Na kwaɓa siminti da rairayi a tsohon kwanon miya, na zuba bango a cikin ƙananan katako, kafin ya bushe na zana layin bulo da allurar ɗinki. Ginshiƙan rumfa daga kejin reshen dabino na samo su, irin wanda ake zuba tumatir a nan. Mai kayan miya ya tambaye ni me zan yi da shi, da na gaya masa sai ya ƙara mini biyu. Rufin ne ya ba ni wuya. Na yanke gwangwanayen wake, na jera tsinken tsire a kan allo, na riƙa danna gwangwanin a kai da gindin cokali har ya yi tudu da kwari kamar kwanon gaske. Sau huɗu ina yanke yatsa. Surukinka ya ce tun da muka yi aure bai taɓa ganin na ƙona miya ba sai da na zama magini.

Ina cikin fenti aka kawo Inna.

Ba zan ɓoye maka ba, tun tafiyarka Inna ta yi shiru. Yanar ido ta rufe mata ido biyu, ta ƙi yarda a yi mata aiki, wai me ya rage da za ta gani. Da ƙyar ƙanena Sani ya lallashe ta ta hau jirgin sama. Mako guda tana ɗakina, daga sallaya sai gado, likita ya sa rana tana cewa ita a mayar da ita gida.

Ran nan da safe na kama hannunta na kai ta lambu, ban ce mata komai ba, na ɗora yatsunta a kan rufin. Ta shafa, ta gangaro kan ginshiƙai, ta lalubi tagogin. Da ɗan yatsanta ya shiga kafar tikiti sai ta tsaya cak. Can ta ce, "Ke, wannan ai wurin babanku ne." Ka san ba ta faɗin sunana, ni 'yar fari. Sai ta ƙara da cewa, "Yaushe likitan nan ya ce?"

An yi aikin lafiya. Ranar da aka cire bandeji muka dawo gida, ko mayafi ba ta ajiye ba ta wuce lambu, ta durƙusa, ta ƙare wa tashar kallo. Ina tsaye ina jiran yabo. Sai ta ce bencin huɗu ne ba uku ba, ƙofar ofis kuma koriya ce ba shuɗiya ba, sannan ina randa?

Na manta da randar, Baba. Wadda ke gindin rumfa, da moɗa a ɗaure da igiya, duk wanda ya sauka ya sha. Ni a zatona reluwe ce ke cika ta. Ashe Inna ce, kullum kafin jirgin safe, shekara goma sha tara. Ta sa aka samo mata yumɓu, ta zauna a tabarma ta gina randa kamar girman goro, har da murfi. Ammu Samir ya karɓa da hannu biyu yana ta salati irin nasu.

Yanzu da la'asar su biyu ne a lambun. Ba ya jin Hausa, ita kuma duk Larabcin Misira kalma ɗaya ta riƙe, tamam, wato daidai. Amma ta kafa masa doka: jirgi ba ya wuce tasha bai tsaya ba, ba ya kuma tashi sai an ba shi izini. Ta yanki ƙyalle ja da kore ta ɗaura a tsinke. In ta ɗaga ja, tsohon nan mai shekara saba'in da wani abu sai ya kashe jirginsa ya jira, yana kallon agogo da gangan, ita kuma ta ƙi ɗaga koren sai ta ga dama. Jiya har dariya ta sa ta tari.

A nan ne ta ba ni labarin da ba ka taɓa ba ni ba. Ta ce ranar da za ta haife ni naƙuda ta yi tsanani, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, ga damina ta yanke hanyar mota. Jirgin kaya ne ke tafe, wanda ba ya tsayawa a tasharmu. Ka ɗauki jar tuta ka tsaya a tsakiyar dogo, ba a gefe ba, har ya ja birki. Aka shimfiɗa mata tabarma a kan buhunan gyaɗa zuwa asibitin Kano. Ta ce duk tafiyar kana riƙe da ƙofar taragon, baki buɗe, ba ka san me kake karantawa ba. Tana faɗa tana sunkuyar da kai kamar amarya.

Ka yi shekara arba'in kana kirana Uwata, kana zuba mini shayi a murfin fulas ɗinka, ba ka taɓa cewa ka yi mini wani abu ba. Na gode, Baba. Na makara, amma na gode.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara kamar yadda aka shayar da matafiya a ƙofarka. Ya ƙara wa Inna lafiya da hasken ido, Ya saka wa Ammu Samir da alheri, Ya tara mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Gobe zan sake fentin ƙofar. Inna ta zaɓi koren da kanta.

'Yarka mai kewarka,
Uwarka