Limancin Masallacin Baba

Zuwa ga ƙanena,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna?

Ga halin da ake ciki a nan. Ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarata ya kumbura har ya tare fitsari, aka yi mini aiki a watan jiya. Aiki ya yi kyau, har na koma ofis. Sai dai fitsarin ba ya riƙuwa. Likita ya ce, "Malam, wataƙila ya daina, wataƙila kuma shi ke nan." Na yi masa godiya. Ban ji komai a raina ba, igiyar takalminsa kawai nake kallo.

Tun rasuwar Baba kake riƙe mini limancin masallacinsa, kana cewa aro ne har in ajiye aiki in dawo. To, yanzu alwalata ba ta kai ni raka'a biyu. Ka riƙe, ya zama naka. Allah ya taya ka riƙo.

Idan na iso, a sahun baya zan tsaya, kusa da ƙofa. Ina roƙon haɗin kan kowa da kowa: kada wani ya ja hannuna zuwa gaba, kada kuma a tambaye ni dalili.

Wassalam,
Yayanka.