Guba Uku Don Mai Gadi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya haƙurin zaman gidan yari? Mama tana gaishe ka, kullum sai ta share ɗakinka kamar gobe za ka dawo.

Yaya, na shiga uku! Katunan da ka bar min ranar da aka ɗaure ka kan haɗarin motar nan sun kai ni wasan ƙarshe na gasa, Asabar ɗin ƙarshen wata. Da Mai Gilashi zan kara, wanda ya fitar da kai daga gasar bara. Katuna sittin ɗin da nake wasa da su lafiya lau suke. Matsalata 'yan benci ne, sha biyar ɗin da ake canji da su bayan zagayen farko. Ka dai san mutumin: da katunansa ya gina Katanga, ya kafa Mai Gadi, ya ɗaure mayaƙana da Sarƙa, ni ina zaune kamar mai bin layin asibiti. Abinci ma ba ya shiga. Jiya a kemis ɗin da nake aiki na tsaya ina kallon kwalaye har mai shagon ya ce in je in wanke fuska. Don Allah me zan shigar, me zan cire?

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta sarkin kuka,

Na ga saƙonki, ina amsa gaisuwar Mama. Share hawayen, ki saurara. Zagayen farko ki bar shi ya saki jiki. A na biyu ki shigo da Guba uku don Mai Gadi, da Fasa Katanga biyu, da Tsinka Sarƙa. Ki ɓoye su a hannu, kar ki nuna sai ya juya baya. Da Mai Gadi ya faɗi, kowa ya fita da gudu. Ki ɗauko min kofin nan, shi kaɗai nake mafarki a nan.

Yayanki.

*

Zuwa ga ƙanwar fursuna,

Bayan gaisuwa, muna sanar da ke cewa mun riƙe wasiƙar ɗan'uwanki, ga kwafinta. Ta ƙunshi maganar guba, fasa katanga da kashe mai gadi, kuma bincike ya nuna a kemis kike aiki. An keɓe shi, an dakatar da sassaucin da zai sa a sallame shi a watan gobe. Ya ce wasan kati ne. Kwamiti zai zauna Asabar ɗin ƙarshen wata da safe. In akwai hujja, a kawo ta da hannu a ranar.

Mataimakin shugaban gida.

*

Yayana,

Ina gaishe ka, in har za a bari ka karanta. Wayyo Allah, ni na jawo maka! Da bakina na tambaya. Na je ƙofarku da akwatin katunan, na roƙa har na durƙusa, suka ce sai ranar zama. Ban faɗa wa Mama ba, ta riga ta sayo maka sabon zanin gado. Da wane bakin zan ce mata sai baɗi?

Zan zo Asabar. Kar ka damu da gasa, an ɗaga wasan, wai ana gyaran zauren.

Ranka ya daɗe mai karanta wasiƙar nan, wallahi Gubar takarda ce, hoton koriyar kwalba ne a jiki. Ko ƙuda ba ta kashewa.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa gare ki da Mama. Sun mayar min da sassaucina, ranar sallamar da aka sa tana nan.

Bayan fitarki mataimakin ya duba gasar a wayarsa don ya tabbatar. Ya nuna min hoton Mai Gilashi riƙe da kofi, an rubuta abokiyar karawarsa ba ta zo ba. A lokacin kina gabana kina jera musu katuna a tebur, kina ce min ana gyaran zaure.

Maƙaryaciya kawai. Na yi kuka a gaban mutumin.

Ki adana Gubar nan uku. Baɗi ke za ki zauna a teburin, ni ina benci.

Yayanki.