Dutsen da Papa Yake Mayar wa Teku

Mama Tepaeru,

Ki taimake ni da shawara, kuma don Allah kafin Juma'a. Na san ko an sakaya suna a shafinki na jarida, a tsibirinmu na Rarotonga wasan yara ne, wanda bai san ki ba ya san innarki, amma dai zan gwada. Dattijon da zan yi magana a kansa zan kira shi Papa Tuaine, ko da yake ba sunansa ke nan ba.

Aikina shi ne duba aikin wasu. Ina ofishin da ke sa ido a kan jiragen da aka ba izinin binciken ƙasan tekunmu, masu bin baƙaƙen duwatsun nan masu kama da dankali da ake cewa akwai ƙarfe mai daraja a cikinsu. Ba a fara kwasa ba tukuna. Kafin a ba kowa izini sai an san abin da ke rayuwa a can ƙasa. Don haka jirgi yakan saukar da wani akwatin ƙarfe da igiya, zurfin kusan kilomita biyar, ya yanko laka da duk abin da ke kanta. In an jawo shi sama sai masana su ƙirga duwatsun, su ƙirga 'yan halittun da ke manne da su. Ni ba na zuwa teku, ko a kwalekwale jiri nake yi. Nawa in zauna gaban kwamfuta in gwada abin da aka rubuta da abin da aka aikata, in sun dace in sa hannu. Shekarata shida a kan wannan kujera, kuma an san ni da taurin kai. Na taɓa mayar da rahoto mai shafi ɗari uku saboda kwalba ɗaya da aka manta ba a rubuta mata lokaci ba, ko a jikina.

Papa Tuaine ba shi ya haife ni ba. Maƙwabcin iyayena ne a tsibirin Mauke, kafin ni da shi mu dawo nan Rarotonga da zama. Ina da wata takwas aka ba shi riƙona shi da matarsa, yadda aka saba, babu takarda babu shaida. Shi ya ciyar da ni, shi ya riƙa kai ni makaranta a bayan keke, shi ya riƙe hannuna a coci ranar aurena. Masunci ne tun tasowarsa. Bara kamfanin wani jirgin bincike ya nemi 'yan ƙasa da suka san igiya da ƙugiya, aka ɗauke shi yana da shekara sittin da ɗaya. Ba ki ga murna ba. Rigar aikin nan mai ruwan lemo da kansa yake wanke ta, ba ya yarda kowa ya taɓa. Ya ce mini shekara hamsin yana yawo a kan rufin gidan teku, sai yanzu aka bar shi ya leƙa ciki.

A gidansu akwai wata al'ada da ya gada daga kakansa. Abin farko da teku ya ba ka a rana, sai ka zaɓi mai rai a ciki ka mayar masa, kafin ka ƙirga abin da ka samu. Na taso ina ganin yana yi da kifi, ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Jirginsu ya dawo makon jiya bayan kwana arba'in da ɗaya, rahotonsa ya faɗo teburina. Akwai kyamara a kan jirgin, a daidai inda akwatin yake hawa. Ƙa'ida ta ce in duba hoton akwati ɗaya cikin goma. Ni da shegen halina na zauna na duba duka.

A nan na gan shi. In akwati ya hau, shi ne mai kwance ƙugiya, kuma kafin masana su fito daga ɗakinsu da safar hannu akan yi kamar minti ɗaya. Sai ya cire hularsa, ya leƙa, ya sa hannu ya ɗauki dutse guda, ya taka zuwa gefen jirgi ya sake shi a hankali. Babu waige, babu sauri. Wata rana ma har ɗaga wa kyamarar hannu ya yi, ina jin ya tuna cewa ni ce zan kalla. Akwatin farko na kowace ranar aiki haka yake yi. Na ƙirga sau ashirin da uku, cikin akwati sittin da takwas.

Da dutse ne kawai, da abin ya zo da sauƙi. Amma da na ƙara girman hoton sai na ga ba dutse ne kawai ba. Kowane dutse da ya zaɓa akwai wani ɗan farin abu a kansa, wani kamar soso, wani kamar ƙaramin reshe. Mai rai yake zaɓa, kamar yadda aka koya masa. Su kuwa waɗannan ba su da yawa, wani akwatin guda ɗaya tal ake samu a ciki. Yanzu ga rahoto a gabana yana cewa halittun da ke yankin kudu ba su taka kara sun karya ba. Wannan layin za a duba ranar da za a yanke inda za a fara kwasa.

Ranar Lahadi bayan coci na je gidansa cin abinci kamar kullum, ga gwaza ga kifi da madarar kwakwa. Na yi ta kewaye-kewaye, can na ce, "Papa, har a jirgin ma kana mayar da na farko?" Ya ce, "Ke 'yar biro, don na sa rigar Turawa sai in daina gaida mai gida? Dubu nawa suka kwaso, guda ɗaya ne zai sa su kuka?" Na ce to ai da ya bari sun ƙirga, sannan ya mayar. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "In sun ƙirga ai ya zama nasu. Ke da na raina, yaushe kika ga ina kyauta da kayan mutane?" Daga nan ya turo mini kan kifin, wanda tun ina ƙarama rabona ne. Na karɓa na ci.

Mijina Teokotai direban bas ne, shi komai a wurinsa mai sauƙi ne. Cewa ya yi, "Wane marar aikin yi ne zai sake kallon wannan hoton in ba ke ba? Sa hannu ki shafa wa kanki lafiya."

Akwai kuma abin da ban gaya wa ko shi ba. Farkon kowace shekara muna cika takarda, mu bayyana in muna da dangi a kamfanonin da muke dubawa. Takardar ta ce dangi na jini ko na aure. Papa ba ya cikin ko ɗaya, sai na bar wurin babu komai. Na san abin da nake yi a lokacin, ba mantuwa ba ce.

In na rubuta abin da na gani, a dokar kamfanin taɓa akwati ba izini laifin kora ne. Labarin zai riga jirgin kaya isa Mauke, kuma kafin ya isa ya zama sata. Papa dattijon coci ne, shi ke zagayawa da farantin karɓar baiko. Za a ce yarinyar da ya raina ita ta tona masa asiri. In kuma na sa hannu, sunana ya hau kan abin da na san ba gaskiya ba ne, kuma wata rana a share wani wuri saboda shi.

Ba kuka na zo yi miki ba. Na raba takarda biyu na jera dalilan kowane gefe, yadda na saba, ban ga ta amfane ni da komai ba. Ina ƙaunar tsohon nan. Ina jin haushinsa. Na fi jin haushin kaina da ban tsaya a ɗaya cikin goma ba. Juma'a ake jiran sa hannuna.

'Yar Biro, Avarua, Rarotonga

*

'Yata,

Wasiƙarki ta same ni ranar Litinin, kuma a ranar na aika miki da wannan amsa hannu da hannu. Ban bari an buga ba sai da Juma'ar ta wuce, na kuma sauya tsibirin da wasu alƙaluma. Masu son gulma kada su wahalar da kansu neman wani dattijo a Mauke.

Kada ki sa hannu. Mijinki bai yi ƙarya ba, da wuya wani ya sake kallon hoton. To ai saboda haka ne aka ajiye ki a wannan kujera. Wadda ta mayar da shafi ɗari uku saboda kwalbar baƙo ba za ta kawar da kai ba don abin ya zo gidanta. In kika yi haka sau ɗaya, duk rahoton da kika taɓa sa wa hannu ya zama abin tambaya, ko da ke kaɗai kika sani.

Amma Papa ba ɓarawo ba ne, kuma rahotonki bai kamata ya bar ƙofar a kira shi haka ba. Ki rubuta abin da hoton ya nuna duka, kada ki tsaya a rabi. Ki rubuta cire hular, da cewa ba aljihu ya kai dutsen ba, da cewa ya san ana ɗaukarsa bai ɓuya ba. Ki kuma rubuta abin da ba ki tsaya a kansa ba a wasiƙarki: kwana arba'in da ɗaya ana barin akwati minti guda babu mai kula, kuma da alama ba wanda ya taɓa zaunar da masu jan igiya ya bayyana musu me ake ƙirgawa da dalilinsa. Wannan giɓin na kamfani ne, kuma ya fi hannun tsoho ɗaya girma.

Naki laifin kuwa takardar dangi ce. Kin fake a bayan yadda aka tsara ta, alhali duk tsibirin nan an san wanda ya ciyar da ke shi ne ubanki. Ki je wurin shugaban ofishinku ki faɗa da bakinki, ki miƙa lokutan nan ashirin da uku, ki nemi a ba wani ya ƙarasa binciken. Mai yiwuwa ki sha faɗa, mai yiwuwa har da takardar gargaɗi. Ki karɓa. Ki roƙi a saurari Papa kafin a yanke masa hukunci, amma kada ki yi masa alkawarin aikinsa zai tsira, domin ba a hannunki yake ba. Ana iya korarsa, kuma ba zan ɓoye miki ba, zai ji ciwo ƙwarai.

Sai dai kafin ofis, gidansa za ki fara zuwa. Ba a kan teburin Lahadi ba, kuma ban da kewaye-kewaye. Na karanta hirarku sau biyu. Kin tambaye shi ko zai bari a ƙirga, ba ki gaya masa don wa ake ƙirgar ba. Shi a zatonsa lissafin masu kwasa ne, shi ya sa yake ceton guda kafin ya shiga hannunsu. Ki ɗauki kwamfutarki ki nuna masa kansa, sannan ki karanta masa layin nan na yankin kudu da harshen da kuke yi a gida. Ki fahimtar da shi cewa ƙirgar nan ita kaɗai ce shaidar da waɗannan halittu suke da ita a gaban masu yanke hukunci. Duk wanda ya mayar, a takarda wurinsa ya zama fili babu kowa, kuma irin wannan filin ake fara sharewa.

Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya yi tunani. Kada ki zo masa da sabon tsarin yadda zai riƙa gaida teku, al'adarsa ce, ya fi ki sanin inda za ta lanƙwasu. Idan ya ce zai bi ki ofis ya yi bayani da bakinsa, ki bar shi ya shige gaba.

Zai iya yin fushi. Wataƙila a yi Lahadi biyu ko goma kan kifin bai zo gabanki ba. Ki ci gaba da zuwa, ki zauna a kujerar da kika saba. Ni ma 'yar masunci ce, na san irinsu, fushinsu yana daɗewa amma ba sa son a yi ƙarya a kan ruwa. Mutumin da ya shekara hamsin yana gaida mai gida kafin ya ci, ba na jin zai so 'yarsa ta sa hannu a kan cewa babu kowa a gidan.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya tasa, ya bar ku tare a kan teburi ɗaya.

Mama Tepaeru