Idon Barkono na Hagu

Zuwa ga Injiniyana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka da injinan nan da suka ƙwace min kai. Yaya teku, yaya kuma ciwon bayan? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce a tambayi ɗanta ko har yanzu ba a ƙirƙiro aikin injiniya a kan tudu ba.

Albishirinka. An karɓi bincikena, za a buga shi. Na san da na fara bayani kake fara gyangyaɗi, to yau a rubuce ne, ba ka da hanyar gudu. Maganin da ake sa mutum barci da shi kafin tiyata, shi na riƙa ba jariran ɓeraye, na tsawon lokaci, kuma ba sau ɗaya ba. Da suka girma sai na saka su a babban bahon nan da ka gyara min famfonsa. Ruwan na zuba masa madarar gari ya yi fari, a ƙarƙashinsa akwai ɗan dandamali da ba a gani. Lafiyayyen ɓera da ya taka shi sau kaɗan ya riƙe wurin, gobe kai tsaye zai nufa. Waɗanda suka sha maganin suna jarirai kuwa sai su yi ta zagaye kamar baƙo a tasha. Na duba ƙwaƙwalwarsu a madubin ƙara girman abu, na ga ɓarnar a daidai sashen da ke ajiye abin da aka koya. Shekarun da na yi ina dawowa gida da warin keji ba su tafi a banza ba, ka daina ce min Uwar Ɓeraye da raini, ka fara faɗa da ladabi.

Har rediyo suka kira ni. Inna ta tara maƙwabta a falo, ta hana kowa tari sai da na gama.

Sai abu ɗaya. Inna ce ta fara lura 'yarmu Barkono tana karkata kai in za ta ɗauki abu. Na ce rigima ce irin ta 'yar shekara biyu. Da na ɗauke ta hoto da hasken waya, sai na ga ɗigon fari a tsakiyar idonta na hagu. Na kai ta wurin likitan ido, ya ce yanar ido ce, kuma sai an yi aiki. Kada hankalinka ya tashi, tana nan tana cin abincinta da na wasu. Zan ga likitan sa barci, duk yadda muka yi za ka ji.

Ka kula min da kanka.

Taka,
Uwar Ɓeraye

Baban Barkono,

Ina gaisuwa, ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, na karanta shi a tsaye a bakin ƙofar ɗakin bincike, na sake karanta shi a zaune. Ka ce a jira ta ƙara girma, ka ce ni da kaina na tabbatar maganin yana cin ƙwaƙwalwar jarirai, yaya zan miƙa tamu. Ban ji haushi ba. Ashe duk gyangyaɗin nan kana ji.

Inna ma tana bayanka. Ba ta yi min faɗa ba, ka san halinta. Ta dai goya Barkono ta ƙi sauke ta, da na yi magana ta ce, "Ke da bakinki kika faɗa, duniya ta ji."

To ka saurare ni, don wannan fagena ne kamar yadda ɗakin inji yake naka. Ido ba shi kaɗai yake gani ba, ƙwaƙwalwa ce take koyon gani, kuma tana da lokacinta. A shekarun Barkono take rabon wuri tsakanin idanu biyu. Idon da ba ya kawo mata komai sai ta sallame shi, ta ba ɗan'uwansa gurbinsa. In muka jira ta girma, likita zai cire yanar tas, idon ya yi kyau kamar na kowa, amma babu mai karɓar saƙonsa a ciki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jiran da kake ganin tsira ce, shi ne ɓarnar da na tabbata za ta faru. Ta maganin kuwa wataƙila ce, kuma ƙaramar wataƙila.

Ɓerayena na ba su maganin ne da gangan fiye da kima, na maimaita, don in ga iyakar abin da zai iya yi. Barkono aikinta gajere ne, ita kuma ba ɓera ba ce, ko da yake a wajen ɓarnar kicin ban rantse ba.

Likitan sa barcin dattijuwa ce mai sanyin magana. Da na shiga na tarar ta san sunana, ta karanta aikina, har ta ja layi a wasu wurare. Muka zauna muka bi komai, yawan maganin, tsawon lokacin, yadda za ta riƙe iskar numfashi da bugun jini daidai. Ta yi min tambayoyi biyu da ban da amsarsu, na ce mata ban sani ba. Ta ce ita ma haka, amma ta kwantar da yara fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, wasunsu yanzu su suke kawo mata nasu.

Ba zan ɓoye maka ba, daga can na koma wurin aiki, na tarar ana gwada ɗaya daga cikin ɓerayen. Na tsaya ina kallonsa yana wuce dandamalin yana dawowa yana sake wucewa, sai da na nemi kujera. Na zauna ina kallonsa har aka fitar da shi daga ruwan. Da na tashi ra'ayina bai canza ba.

Ba zan sa hannu a takardar asibiti ba sai da yardarka, 'yarka ce. Amma ni ba na cikin shakka, kuma ina so ka jingina da ni a wannan karon. Ka nemi waya duk inda sabis ya samu, ka kira Inna tukuna, ita ta fi ni bukatar jin muryarka.

Ina kewarka.

Matarka

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kun fita daga iskar da ka ce tana jijjiga ku, kuma kana samun barci. Na gode da kiran. Layin yana yankewa, amma na ji "ki sa hannu" sarai, sauran ban damu da su ba. Ban san me ka gaya wa Inna ba, ita ce dai ta haɗa jakar asibiti da kanta, har da ƙaramin bargon da ba a barci sai da shi.

An yi aikin, an gama lafiya.

Sun bar ni na riƙe ta har ta yi barci. Na ga wannan a ɓeraye ba adadi, yadda jiki yake saki a hannu. A kan 'yarka daban ne. Na miƙa ta, na fito da takalmanta a hannu, na ma rasa inda zan ajiye su.

A ɗakin jira na zauna kusa da wani direban babbar mota. Ɗansa ma yanar ido gare shi, an sa musu rana tun tuni suka ƙi zuwa. Yau ma shawara kawai ya zo ya sake ji. Ya ce wata masaniya ya ji a rediyo yana tuƙi, ta ce maganin barci yana goge ƙwaƙwalwar yara. Ban faɗi haka ba, a kan ɓeraye na yi magana, amma abin da ya isa kunnensa ke nan. Inna ta zungure ni da gwiwar hannu wai in yi shiru. Na ce masa, "Ni ce matar. Tawa 'yar tana ciki yanzu, an sa ta barci." Ya daɗe yana kallon takalman da ke cinyata. Na yi masa bayanin da na yi maka, Inna tana taya ni kamar ita ta yi binciken. Kafin mu bar wurin na hango shi a teburin masu ba da rana.

Wannan ya sa na yanke shawarar abin da zan yi nan gaba. Ni da likitan sa barci za mu nemi izinin bin yaran da aka yi wa aiki, shekara da shekaru, mu ga karatunsu da riƙonsu. Ɓeraye sun faɗi iyakar abin da suka sani. Rediyon ma zan koma, in faɗi rabin da ya rage.

Barkono ta farka da masifarta cikakkiya. Ta ture nas, ta nemi Inna, ta kira ni da sunan da ka koya mata, Uwar Ɓeraye. Da muka dawo gida na fara ɓoye cokali a ƙarƙashin kofuna ina cewa ta nemo. Ta nemo, na sake, ta nemo. A karo na gaba Inna ta kwashe kofunan ta ce jikarta ba ta zo jarrabawa ba. Gaskiyarta. Amsar da nake nema ba a mako ɗaya take zuwa ba, zan jira ta kamar kowace uwa.

Yanzu yaƙin da muke yi na facin rufe ido ne. Kullum da safe sai an rufe lafiyayyen idon na wani lokaci, don a tilasta wa ƙwaƙwalwa ta yi aiki da na hagun. Ta tsane shi. Ta cire ta liƙa wa kujera, ta liƙa wa Inna a goshi. Kwanakin farko in an rufe sai ta zauna wuri ɗaya tana lalube, ni kuma in shiga kicin in yi ta wanke abin da na riga na wanke.

Jiya da facin a fuskarta tana zaune a kan kafet, sai na ga ta tsaya cak. Ta miƙa yatsu biyu, ba lalube, ta tsinci wani ɗan ƙaramin dutsen ado da ya faɗo daga mayafina, wanda ni kaina ban gan shi ba. Ta ɗaga shi ta duba, ta jefa a baki. Na yi kanta na sa yatsa na ƙwaƙulo shi ina dariya ina hawaye, ita kuwa ta gantsara min cizo da duk haƙoran da ta mallaka.

Shatin yana nan a yatsana. Ka yi ƙoƙari ka dawo kafin ya baje, ina so ka gani.

Inna tana sa maka albarka. Allah ya kawo mana kai lafiya.

Taka har kullum,
Maman Barkono