Maƙalin Gashin da Ya Shiga Kan Ɗiyata Ma'u

Zuwa ga Sarkin 'Yan Kolin kasuwarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar da ke ƙarƙashinka.

Ni ne Sanusi mai kabu-kabu, ɗan marigayi Malam Garba Tela na Kamarawa, wanda ya yi shekaru yana ɗinki a rumfar da ke kallon taka. Baba nake ce maka tun ina yaro, kuma ban daina ba. Sau biyu na zo ƙofarka. Na farko anka ce ka tahi Isa. Na biyu ka aiko a ce mini in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na ji. To tunda ba a ba ni tabarma ba, za ni faɗi maganata a fili, kowa shi ji.

Na ɗaya, abin da ya faru.

Jajibirin ƙaramar Sallar da ta wuce na sayi maƙalin gashi a faifan wani ɗan koli na layinku. Na ƙarfe ne, da malam-buɗe-littafi ja a samanshi, da haƙora biyu masu tsini da ake sokawa cikin kitso. Na saya wa ɗiyata Asma'u, muna ce mata Ma'u. Lokacin ba ta cika shekara uku ba. Da hannuna na zaɓa, har da tsayawa ruwan ido tsakanin ja da shuɗi. Ban ɓoye wannan ba, kada wani shi ce na zo neman wanda za ni ɗora wa laifina.

Ranar Sallah da hantsi ta hau turmi don ta leƙa masu wucewa ta kan katanga. Turmin ya goce, ta faɗo ta baya. Faɗuwar da kowane yaro ke yi, a ɗaga shi, a kaɗe mishi ƙura. Uwarta Hadiza ta zare maƙalin, ta ga haƙori ɗaya ya lanƙwashe. Jini bai cika cokali ba. Ta shafa mata mai, ta ɗaura mata kallabi. Ma'u ta yi kuka ta yi shiru, har ta ci nama.

Ga inda munka yi namu kuskuren, kuma na san ba mu kaɗai ke yin shi ba. Ba mu tsefe kitson ba. Kitson Sallah ne, an yi wuni ana yin shi, yarinya na ihu, an jera mata duwatsu har wuya. Wa ke tsefe kitson Sallah ranar Sallah? Ko da na ce a duba wurin, maƙwabta sunka yi mini dariya, wai namiji mi ya sani ga kan mace. Na bar zancen, ni da anka sani da baki.

Kwana uku ramin da haƙorin ya huda yana ƙarƙashin kitso. Ta fara zazzaɓi, munka ce na sauro ne. Ta fara amai, munka ce maiƙon Sallah ne. Barci ya yi mata yawa, munka ce gajiya. Sai da ta fara jijjiga, idonta ya juye, sannan na ɗauke ta zuwa asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya ta sa almakashi ta yanke kitson nan duka, duwatsu na zuba ƙasa. Ramin bai kai ƙwayar dawa ba, amma ya yi ruwa. Anka tura mu Sakkwato. Ka san hanyarmu, ka san ba kullum ake bin ta ba. Mun ƙara kwana kafin mu samu motar da ta yarda ta tashi.

Likita ya ce mini ƙoƙon kan ƙaramin yaro bai gama ƙwari ba, ƙarfe mai tsini na iya huda shi da 'yar faɗuwa, kuma ƙazanta ta bi ramin ta shiga ciki. An yi mata aiki. Allah Ya bar mana ita. Amma hannunta na dama ba ya riƙe komi, ƙafar tana ja, kuma maganarta ta tahi. Yarinyar da ke jin ƙarar babur ɗina tun daga bakin layi ta fito da gudu tana "Abba, ɗauke ni." Yanzu in na shigo sai dai ta bi ni da ido.

Na biyu, abin da na gano.

Ban wuce aji uku ba. Karatuna a allunan shaguna na koye shi, da takardun magani, da guntun jaridar da ake naɗe ƙosai. Amma abin da na gani ba ya buƙatar boko. Bayan mun dawo na koma wurin mai kolin. Sai na ga ya tokare ƙafar teburinshi da wani kwali da ya ninke. Na zaro na buɗe. Kwalin da maƙalan ke zuwa a jere a kai ne. A bayanshi akwai hoton fuskar jariri cikin jan da'ira, an ja layi an soke ta, ga lambar sifili da uku a gefe. Rubutun Faransanci ne. Wani direba mai shiga Nijar ta Burkusuma ya karanta mini, ya ce gargaɗi ne kada a sa wa ƙananan yara.

Wato wanda ya ƙera abin, can ƙasar da ban sani ba, ya ji tsoron Allah ya yi gargaɗi. Gargaɗin ya ƙetare ruwa, ya ƙetare iyaka, ya iso kasuwarmu lafiya. A nan anka cire shi, don ɗai-ɗai ake sayarwa, anka tokare tebur da shi. Baba, wannan ma ƙaddara ce? Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma wanda ya ga rijiya a hanya ya ɗauke murfinta, ba shi ne za shi koya mini tauhidi ba.

Na uku, halin da nake ciki.

Tun da na fara wagga magana, tashar kabu-kabu ta zama mini baƙon wuri. In na iso majalisa sai hira ta mutu, wannan shi tuna da saƙo, wancan shi duba waya. Suna cewa Sanusi ya zautu da zancen ƙarfen mata. A gida kuma ni da Hadiza kowa da nashi shirun. Ita tana ganin hannunta ya ɗaura kallabin, ni ina ganin hannuna ya biya kuɗin. Sai mu ci tuwo ba wanda ya dubi wani. Wadda nake yi wa hira yanzu Ma'u ce, ina murza mata yatsu kamar yadda anka nuna mini, ina ba ta labarin fasinjojin ranar. Ba ta amsawa, amma ba ta tashi ta bar ni.

Ranar kasuwar da ta wuce na ratsa layinku da ita a kafaɗa. Sai na ji ta zabura. Ta miƙa hannunta na hagu, mai lafiyar, tana nuna faifai. Malam-buɗe-littafin nan ne, ja, cike da faifai, don wata Sallar ta gabato. Mai wannan faifan, wani yaron kirki ne daban, bai san mu ba. Ya ɗauki ɗaya ya miƙo mata, wai kyauta, albarkacin rashin lafiya. Wallahi ban san yadda na kai gida ba.

Saboda haka ga roƙona. Ba diyya nake nema ba, ba na son a kori kowa daga rumfa.

Ka tara 'yan kolinka kafin Sallah ka hana sayar da mai haƙoran ƙarfe don ƙananan yara. Akwai na zare, akwai na roba mai laushi, riba ba za ta mutu ba. Duk kayan da ya zo da kwali, a bar shi da kwalinshi, a rataye inda mai saye za shi gani. Kuma ka sa sanƙira shi zaga ranar kasuwa shi faɗa wa iyaye mata: yaro ya bugu a kai, a tsefe kitso a duba, ko na Sallah ne, ko na biki. In ya yi amai ko barci ya yi yawa, asibiti ran nan. Kai in ka faɗa za a ji. Ni an riga an gama da ni, an ce mahaukaci.

Na aiko maka kwafin takardar nan a ambulan, da maƙalin a ciki, wanda anka zare daga kan Ma'u. Ka taɓa tsinin da ɗan yatsanka. Sannan in jikarka ta zo gaishe ka, ka ɗora wannan yatsan a tsakiyar kanta, ka ji taushin wurin. Abin da zuciyarka ta ce maka, shi nake roƙo.

Allah Shi ja zamaninka, Shi tsare maka zuriya, kada Shi nuna maka abin da na gani.

Wassalam.

Ɗanka,
Sanusi Garba, uban Ma'u