Na Ci Goron Suna Ban Je Ba

Maamobi, Akara
Ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Damata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar Inna? Yaya maigida da yara, da zafin Bawku?

Na san kin yi mamakin ganin takarda a hannun direban albasa. Yaya, na goge duk manhajojin nan masu jero wa mutum bidiyo, wannan na ƙarewa wancan na tasowa. Ni da kaina!

Dalilin abin kunya ne. Aminiyata Suweiba ta unguwar Kanda ta haihu kafin watanta, bayan shekara tara tana jira. Ta aiko ƙanwarta Mulikatu da goron gayyatar suna har shagon ɗinkina. A lokacin ina kallon wata mata a waya tana yanka sabulu. Wallahi sabulu kawai. Na miƙa hannu na karɓa, na ce to, na jefa baki, ban ji ko kalma ɗaya ba. Sai kwana biyu bayan suna wayar ta ga dama ta nuna mini hoton mata cikin anko a gidan Suweiba.

Suweiba ta daina ɗaukar kirana, kuma ina tsoron na rasa ta.

Amma zo ki ga rayuwata yanzu! Abin da nake nema a intanet sai na rubuta shi a takarda, bayan La'asar in buɗe, in samu, in rufe. Riga huɗu na gama a makon nan. Jiya na nemo salon rigar jarirai, yau na yanka.

Ki sa ni a addu'a. A gaida Inna.

Ƙanwarki,
Ruhaina

Maamobi, Akara
Ranar Alhamis

Yayata Damata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya, Inna ta samu sauƙi.

Jiya na hau trotro, motar hayar nan, zuwa Kanda da 'yar rigar. Suweiba ta bar ni a tsaye bakin ƙofa, fuska a ɗaure, ta tambayi inda na baro kishiyarta, wai wayata. Na ce tana shago a kulle. Na faɗa mata gaskiya duka, har da sabulun. Ta yi ta cije dariya har ta kasa, sai kuma muka fashe da kuka.

Da ta ɗora mini jaririyar a cinya, sai na tuna kunya ta hana ni tambayar kowa sunanta. Na tambaya.

Yaya, Ruhaina aka sa mata. Ranar suna ni aka yi ta nema in riƙe takwarata a yi mata aski, wanzami ya jira har ya gaji.

Farin ciki ya cika ni, baƙin ciki ma haka. Ranar nan ba za ta dawo ba, amma rigar ta yi mata daidai.

A gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Ruhaina