Littattafan da Aka Yage wa Bango

Magama, Jibiya.

Zuwa ga Yaya Ɗanladi,

Bayan sallama da gaisuwar ban girma, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan. Mu nan sai godiya. Ɗana Mujahid ya koma makaranta Zariya, gida ya rage daga ni sai kaji.

Ka daɗe kana cewa in dawo wurinka Kaduna, ina ƙi saboda shagon littattafan mijina, marigayi Malam Mudathir. Ba riba ta riƙe ni ba. Malaman makaranta da ke zuwa su zauna a benci, namu da na lakwal, wato makarantun bokon Nijar, daga Ɗan Isa, su ne 'yan hirata tun rasuwarsa.

Ka tuna kamfanin Turai da Malam yake yi wa dillanci, wanda yake cika baki wai ya girmi kakanmu, da injin bugu ɗaya ya fara har littattafansa suka game duniya? To, gaba da gabanta, wani ya saye shi. Sun rufe ma'ajiyarsu ta Kano, wai karatu ya koma waya. Wakilinsu ya zo ya ce kuɗin motar mayar da tsofaffin littattafai ya fi littattafan. Ƙa'idarsu ita ce in yage bangon kowanne in ba shi shaida, sauran in ƙone.

Bangon dai na yage. Amma ƙonawa? Mu da Inna ta horar ko guntun takarda muka gani a ƙasa mu soke shi a darni! Na faɗa masa gaskiya ba zan iya ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi bango aka aiko shi karɓa.

Sai na aika wa malaman su zo su kwashe kyauta. Ranar Lahadi shago ya cika maƙil, har daga Farfaru da Riko, ana raha, ana ɗaure littattafai a bayan babur. Rabona da dariya irin ta ranar tun Malam na da rai. Kafin la'asar kantoci sun zama wayam, kowa ya sa albarka ya tafi.

Washegari na buɗe, na share, na zauna har azahar. Motocin Maraɗi na ta wucewa, babu wanda ya tsaya, kuma ban ga laifinsu ba, me za su zo dubawa? Ba na nadama, amma kaɗaici ya ishe ni, Yaya. In ɗakin da ka ce yana nan, ka turo a ɗauke ni.

Ka gaishe mini da Anti Aishatu, da Sadiq da Ya'u. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Ummusalma